Ɗigon Ja a Murfin Tanki

Ranar Talata ya fara kawo motar ƙofar gidanmu. Ina tsakar gida ina shanyar kayan Umma na ji ƙarar injinta, kuma tun ban sa ta a ido ba gabana ya faɗi. Na san za ku ce ina abin faɗuwar gaba don wanda zai aure ki ya yi mota. Ni ma na tambayi kaina haka. Ku dai bari in ba ku labarin yadda na riƙe shi a kaina.

Babanmu bakanike ne, wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Garejinsa na manyan motoci ne, jif-jif ɗin nan masu kujerun fata da masu hali ke hawa su gaji su sayar wa na ƙasa da su. Ni ce autarsa. Da karatu ya ƙi shiga kaina bai yi mini faɗa ba, sai ya riƙa tafiya da ni gareji. Shekara takwas ina zaune a bencinsa, in miƙa masa sifana, in haska masa tocila in ya shiga ƙarƙashin mota. Yakan ce irin waɗannan motocin a shekarunsu na farko mulki suke yi, daga nan sai su fara neman wanda zai yi jinyarsu.

Akwai wani abu da Baba yake yi wanda ban ga wani bakanike yana yi ba. In aka kawo motar da ya ga ko an gyara ta a ido ba za ta riƙe rai ba, sai ya fito yana goge hannu ya ce, "Auta, zan sa ki a cikin wannan?" Sai ya ba kansa amsa. "Ba zan sa ki ba. Kawo jan farcen nan." Jan farcena ne, wani ja mai duhu da na saya ban taɓa shafawa ba, don hannuna kullum cikin baƙin mai yake. Sai ya buɗe murfin tankin mai ya ɗiga ɗigo ɗaya daga ciki, inda ba mai lura. Ya ce ko bayan shekara goma motar ta dawo da sabon fenti da sabuwar lamba zai gane ta. A shekara takwas ɗin nan sau biyar kawai na ga ya yi haka.

Shi kuwa Mai Kemis a jinyar Baba muka haɗu. Kemis ɗinsa na bakin asibiti, ni nake zuwa karɓo magani. Ranar da ya ga baƙin mai a farcena ya sa mini Bakanika, har yau bai sake kirana da wani suna ba. Mutum ne mai sanyi, ga gilashi, ga raha, amma in ka ce ya nuna maka inda ake zuba wa mota ruwa but ɗin kaya na baya zai buɗe. Bayan rasuwar bai ɗauke ƙafa ba. Umma ta riƙe shi kamar ita ta haife shi, shi da Yaya kuma, babban yayanmu da garejin ya koma hannunsa, suka zama abokai.

A ranar Talatar nan, wayata ta yi ƙara. Saƙonsa ne: "Bakanika, fito da sifanarki, na kawo miki aiki."

Na yafa mayafina ruwan toka a kan doguwar rigar gida na fita. Fara ce fat, doguwa, ta cika layin, tayoyinta sai ƙyalli suke. Yana jingine da ita cikin farin yadi yana kaɗa makulli a yatsa kamar wanda aka saya wa keke.

"Ya kika gani?"

"Ma sha Allah. Allah ya tsare."

"Shi ke nan? Kwana uku ina karanta abin da masu irinta suka rubuta a waya. Kowa yabonta yake. Wani ya ce shekara shida bai taɓa buɗe injinta ba. Abu ɗaya suke kuka da shi, shan mai."

"A ina ka saya?"

"A gida mana, wajen Yaya. Na ce kada ya gaya miki, mamaki nake son ba ki."

Umma ta fito da carbinta a hannu. Ta shafa ƙofar motar a hankali, ta yi murmushi har haƙoranta suka bayyana. Rabon da in ga haƙoran Umma tun Baba yana iya zama da kansa. Ta ce, "Ku je ku zaga mana, Auta. Kin tsaya kina kallonta kamar ta ci miki wani abu."

Cikinta sanyi, ga ƙamshin fata da turaren da ya fesa. Ya danna maɓalli. Duk motar da aka kunna, fitilun gaban direba kan kawo gaba ɗaya na ɗan lokaci sannan su mutu, haka mota take nuna kowace fitila tana da rai. Baba ya koya mini bin su da ido. Akwai wata mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ita ce ta jakar iska, wadda ke kumbura ta tare mutum in an yi karo. Ba ta kawo ba.

"Kashe ka sake kunnawa."

"An fara jarrabawar ke nan?" Ya yi dariya, ya kashe, ya kunna.

Ba ta kawo ba. In fitilar nan ta ƙi mutuwa, akwai matsala. In ta ƙi kawowa sam, wani ne ya cire ta don kada a ga matsalar.

Muna tafe yana nuna mini yadda kujera ke kwanciya da kanta, da yadda rufin sama ke buɗewa. Ni kunnena na ƙasa. Duk ya karya kwana ta dama sai in ji wani ɗan "ƙas" daga ƙarƙashin ƙafarsa. Ya tsaya a gidan mai, na ce bari in fita in miƙe ƙafa. Mai zuba man ya buɗe murfin tankin. Cikinsa baƙi ne, mai fenti bai kai hannunsa can ba. A gefen hagu ga ɗigon nan, ja mai duhu, ya bushe kamar jini.

Na gane ta. Shekara ɗaya da rabi da suka wuce aka jawo ta garejin, baƙa ce a lokacin, gabanta ya shige ciki, jakunkunan iskarta duk sun fashe suna reto. Baba ya yi rabin awa a ƙarƙashinta ni ina haska masa. Ya nuna mini ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ta ɓangaren direba, ya tsage, kuma a kan tsohuwar walda ya tsage. Ya ce wa mai ita ya sayar da ita gunduwa-gunduwa. Mutumin bai sake dawowa ba, aka rufe ta da tamfol a bayan gareji. Ni tun da Baba ya rasu ban taka wajen ba, ba na iya kallon bencinsa.

"Lafiya, Bakanika? Kin yi shiru."

"Warin man ne."

Wannan ce ƙaryata ta farko.

Laraba da safe na je garejin. Bencin na nan, an ɗora masa tsohon batir. Yaya ya fito daga ƙarƙashin wata mota, da ya ga fuskata sai ya ja ni bayan shagon.

"Yaya, motar tamfol ce."

"Wace motar tamfol?"

"Na ga ɗigon."

Ya murza tsumma a hannu. Can ya ce, "Na gyara ta. Sati uku na yi a kanta. Na yi sabuwar walda, na ƙara ƙarfe ta ciki. Baba tsufa ne ya sa masa tsoro, komai ya gani sai ya ce a yanka."

"Jakar iskar fa?"

"Ana nemo mini."

"Ka cire fitilar."

"Ke, ni kike wa titsiye? Don kin riƙe wa Baba tocila shi ke nan kin zama injiniya?" Ya waiwaya, ya rage murya. "Ba shi na yi niyyar sayar wa ba, Auta. Zuwa ya yi ya gan ta ana wankewa, ya nace, ya ce a hannuna kawai ya yarda ya sayi mota. In ce masa me? In ce wannan ta baƙi ce? Daga gida zuwa kemis zai riƙa hawa, ina zai yi gudun da za ta ba shi matsala? Ki ba ni wata ɗaya in samo kayan, in ce masa sabis zan yi, in gyara komai ba wanda ya sani."

"In wani abu ya faru kafin wata ɗayan fa?"

"In kika buɗe baki abin da zai faru na sani. Sunan garejin Baba ya mutu. Aurenki ya mutu, don ba mai auren ƙanwar wanda ya cuce shi. Umma kuwa kin fi ni sanin hawan jininta. Kin ga yadda ta yi dariya jiya? Je ki ƙwace mata."

Na dawo gida ban gaya wa kowa ba. Ku zage ni in kun ga dama, ni ma na zagi kaina.

Ranar Alhamis Umma ta kira ni ɗakinta. Ta buɗe akwatin da ba ta taɓa ba tun rasuwar, ta baza leshinta shuɗi a kan gado tana shafawa.

"Mahaifiyar Mai Kemis ta kira ni. Ƙafarta ta hana ta tafiya, ta ce mu je ta gan ki. Jibi zai kai mu, awa huɗu ne kawai a babbar hanya. Ki goge mini wannan, ke kuma ki sa atamfar nan mai ruwan zuma. Ban da wannan mayafin naki mai kama da tsumman gareji."

"Umma, ba ma shiga motar haya ba?"

"Motar haya? Yaro ya yi mota don ya fita kunyarmu, ki ce motar haya? Auta, me ke damun ki? Tun shekaranjiya kike wani ƙunci. In ba kya son shi ki faɗa tun yanzu, kada ki sa in tsufa da kunya."

"Ina son shi, Umma."

"To ki saki fuska. Babanki da yana nan da ya fi kowa murna."

Na ɗauki leshin na fita kafin ta ga idona.

Da yamma saƙonnin Mai Kemis suka fara shigowa. Hoton sitiyari. Hoton allon gudu. Sai murya: "Bakanika, yau na gwada ta. Na kai ƙanwata da jaririnta gidan mijinta ta bayan gari, na taka ta sosai, wallahi ko girgiza. Jaririn har barci ya yi. Ki ce wa Yaya Allah ya saka, ban taɓa jin daɗin abin da na saya irin wannan ba."

Sau uku na saurara. Na tuna masu rubutun yabon da yake karantawa, na ce a raina ai waɗanda tasu ta yashe su a hanya ba su ke rubutu a waya ba. Na rubuta masa, "Akwai maganar da nake son mu yi." Na goge. Na rubuta, "Ka riƙa tafiya a hankali." Ya turo hoton dariya ya ce, "To, Hajiya Birki."

Na kira Yaya na gaya masa zancen tafiyar. Na ji numfashinsa ya canja. Juma'a ya zo gida ya ce wa Umma shi zai kai mu a motarsa.

"Wannan akwalar taka da sai an tura?" in ji Umma. "So kake mu isa gidan mutane da hayaƙi a kaya? Ka bar mu mu shiga ta mutunci. Ba kai ka sayar masa ba?"

"Ni ne."

"To."

Ya kalle ni, na kalle shi. Ya sha ruwa ya tafi.

Asabar ƙarfe bakwai motar na ƙofar gida. Umma ta sha leshinta, ta sa ɗan kunnen da Baba ya saya mata, har da turare. Yaya ma ya zo, wai sallama, yana tsaye jikin bango hannu a aljihu. Mai Kemis ya shiga falo gaida Umma ya sha shayi, ya miƙo mini makulli.

"Sa jakunkunan a but, Bakanika. Kada ki kwance mini inji kafin in fito."

Na buɗe but ɗin na sa jakar Umma. A irin wannan motar akwai wata 'yar ƙofa a gefen but ta dama, a ciki fiyus-fiyus suke, ƙananan abubuwan nan masu launi da wuta ke bi ta cikinsu. Na san wanda ke ba famfon mai wuta, Baba ya sha sa ni in ciro masa. Na zare shi, na rufe ƙofar, na dunƙule shi a tafina. A tunanina motar za ta ƙi tashi, a ce ta lalace, mu shiga ta haya, ba wanda ya ji kunya. Iyakar dabarata ke nan.

Muka shiga, Umma a baya tana gyara zama tana bismilla. Ya danna maɓalli. Injin ya tashi, ya yi tari, ya mutu. Ya sake. Ya sake. Gumi ya tsatso masa a goshi.

"Wallahi lafiya lau na zo da ita. Umma, ku yi haƙuri, minti biyu. Yaya, taimaka mana."

Abin da na manta ke nan. Na manta Yaya ma ɗan Baba ne. Ya sa kunne, ya ce a sake dannawa, bai ko buɗe gaban motar ba ya zagaya but. Na fito na bi shi. Ya buɗe 'yar ƙofar, ya ga gurbin, ya ɗago ya kalli hannuna. Akwai wasu fiyus na ajiya a jikin murfin, yana iya ɗaukar ɗaya ya sa, cikin ƙiftawar ido mu kama hanya. Na ga yatsunsa sun kai kansu.

Mai Kemis ya zagayo yana goge gilashi. "An gano?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Muryata ma ba tawa ba ce.

"Yaya, za ka sa Umma a cikin wannan?"

Yatsunsa suka tsaya. Ya daɗe a sunkuye. Sai ya janye hannunsa, ya ɗauko jakar Umma daga but ɗin ya ajiye a ƙasa. Ya je ya buɗe ƙofar baya.

"Umma, fito."

"In fito kamar yaya?"

"Ki fito, don Allah. Baba ya ɗiga mata ja."

Umma ba ta san fiyus ba, ba ta san jakar iska ba, amma shekara talatin da biyar tana jin labarin ɗigon nan a bakin mijinta. Ta fito a hankali tana riƙe da ƙofa. Ta kalli Yaya tun daga sama har ƙasa, ta tattare leshinta ta shige gida.

Yaya ya buɗe murfin tankin ya nuna wa Mai Kemis. Ya gaya masa komai, tsagewar, waldar, fitilar da ya cire, bai rage ba. Ya ce laifinsa ne shi kaɗai, kuma zai karɓi motar ya mayar masa da kuɗinsa. Mai Kemis yana tsaye yana sauraro, gilashin a hannunsa bai mayar ba. Bai ɗaga murya ba. Ni da ya yi ihu da ya fi mini.

Ya juyo gare ni. "Me ke hannunki?"

Na buɗe. Fiyus ɗin ya yi mini shaida a tafi.

Ya kalle shi, ya kalle ni. Ya ɗora makullin a kan motar a hankali, kamar kada ya ji mata ciwo, ya ce a ba Umma haƙuri, zai kira mahaifiyarsa ya ce ba yau ba. Ya bi layin da ƙafa cikin farin yadinsa har ya sha kwana, bai waiwayo ba.

Na sami Umma zaune a bakin gado ta cire ɗan kunne ɗaya, ɗayan na kunnenta. Na durƙusa ina jiran faɗa. Ta kama hannuna, ta ga shaidar, ta shafa wajen da babban yatsanta. Abin da ta ce kawai, "Babanki ya bar mini mai riƙe tocila." Sai muka yi kukan da muka yi wata bakwai kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa.

Wajen azahar wayata ta yi ƙara. Babu Bakanika, babu hoton dariya. Layi biyu ne.

"Ranar Alhamis na ɗauki ƙanwata da jaririnta a motar nan. Tun yaushe kika sani?"

Na rubuta "Yau da safe." Yaya ba zai tona ni ba, Umma ba ta sani ba, ba mai ƙaryata ni. Na daɗe ina kallon kalmomin nan uku, fiyus ɗin na kan cinyata. Sai na goge su ɗaya bayan ɗaya, na rubuta "Tun Talata, a gidan mai," na tura.

Alamar ya karanta ta fito nan take. A saman wayar aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa.